Gam ya kori basilla

Da an sa ranar baje koli a Katsina, sai matasan da suka shiga harkar fata a Dutsin-Ma da Kurfi su daina barci. Kowa na son ya cika teburinsa da jaka da alabe da takalma. Na yi murna da zuwansu, domin dukanci ya daɗe a hannun tsofaffi, yana jiran hawan sallah kafin a nemi ragama ko kube. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011 masu saye suka sauya: ɗalibi jakar kwamfuta yake nema, ba gafaka ba.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne hanyar da ake bi a cika teburin. A sari ledar da ake kira fata a Ƙofar Wambai ta Kano, a kwaikwayi hoton da aka gani a waya, a shafa gam, a danne. Jaka ashirin cikin kwana uku! Wasu har tambarin Italiya suke liƙawa. Zafin Afrilu kaɗai ya isa ya tona asiri. Bakin jaka ya ɗaye, fuskarta ta yi ta zuba kamar ƙaiƙayi.

Ka karɓi alaben tsohon baduku ka juya cikinsa. Za ka ga sawun basilla ɗaya bayan ɗaya, an ɗinke da siririyar tsirkiyar fata, ja daga karan dafi, baƙi daga kuloko. Fatar jar akuya ce da ta sha bagaruwa a majema, irin wadda fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. Idan ɗinkin ya tsinke ana gyarawa. Wa ya taɓa gyara leda?

Matasan suna da hujja, ban musa ba. Fata ta yi tsada, masu ganda sun riga majemi zuwa mahauta, mata kuma suna ƙorafin wari. To, wari laifin jimar gaggawa ne, maganinsa kuma a koma wurin majemi a biya shi ya ba ta lokacinta.

Ni dai da za su ji tawa, kowa ya je da jaka shida ɗinkin hannu, ya buga sunansa da na garinsu a jiki, ya zauna gefen tebur yana ɗinka ta bakwai. Mai cewa "Malam, a rage mana" zai ga inda kuɗinsa ya shiga.