Jinjina ga Masu Zana wa Harsunan Kwamfuta Fuska

Harshen rubuta manhaja ba shi da fuska, haruffa ne kawai da alamomi a kan allo. Masu zane ne ke ba shi kamannin da za a shaida shi da su. A harsunan da kowa ke da izinin dubawa da gyarawa kuwa, aikin ya fi wuya, domin ba mai iya tilasta wa jama'a son tambari.

Renée French ta cancanci yabo na musamman. Da Google ya fitar da harshen Go a 2009, ita ce ta zana masa 'yar dabbar nan mai kama da gafiya, mai dara-daran idanu da haƙora biyu a waje. Aka sake ta ƙarƙashin lasisin Creative Commons, sai masu rubuta manhaja suka yi ta sa mata hula da tabarau, har suna ɗinka ta 'yar tsana. A 2018 aka yi wa Go sabon tambari, amma dabbar tana nan daram, kuma a ganina daidai ke nan.

Vincent Pontier ma ya ba harshen PHP giwa a 1998, Karen Rustad Tölva kuma ta zana wa harshen Rust ƙaguwa mai suna Ferris, ta bar wa kowa kyauta.