Wasiƙar Bishop-Bishop Na Kamaru A Kan Auren Jinsi: Abin Da Ta Faɗa, Da Abin Da Ta Bari

A ran 18 ga Disamba 2023 fadar Fafaroma ta fitar da takardar nan da ake kira Fiducia Supplicans, wadda ta ce limami yana iya sa wa mutum biyu masu jinsi ɗaya albarka, muddin ba a mai da abin kamar ɗaurin aure ba. Bayan kwana uku bishop-bishop na Katolika a Kamaru suka mai da martani da tasu wasiƙa, mai ɗauke da sa hannun shugabansu, Akbishop Andrew Nkea na Bamenda, suka hana wannan albarka ƙwata-ƙwata. Hanin ya shafi ikilisiyoyin Lagdo, gama suna ƙarƙashin Garwa ne.

A kan koyarwar aure kam, wasiƙar ta tsaya daram bisa Littafin Farawa, watau namiji da tamace, kuma da wuya a sami mai bi a Arewacin Kamaru, ɗan Katolika ko ɗan Lutheran, da zai yi gardama da wannan. Ta kuma yi amfani wajen kwantar da hankalin waɗanda suka ji a rediyo wai Fafaroma ya halatta auren jinsi, alhali kuwa takardar Roma da kanta ta ce aure bai sāke ba.

Amma fa wasiƙar ta yi ta dukan maƙiyin da bai iso ba, ta bar wanda ke cikin gida. A Kamaru maganar ba ta kai ga ɗaurin aure ba. Maganar kurkuku ake yi. Tun 1972 dokar ƙasa take hukunta luwaɗi da maɗigo, kuma sashe na 347-1 na dokar 2016 ya sa ɗaurin wata 6 zuwa shekara 5, da tarar sefa 20,000 zuwa 200,000. A 2011 aka yanke wa Roger Mbede shekara 3 saboda saƙon waya da ya aika wa wani namiji. Ya rasu a 2014. A 2013 aka sami gawar Eric Lembembe a gidansa a Yawunde, da alamun azaba a jikinsa. A 2021 wata kotu a Duwala ta yanke wa Shakiro da Patricia, waɗanda aka haifa maza suna rayuwa irin ta mata, shekara 5, bayan an kama su a wani gidan abinci. Makiyayan da suka sami kalmomi masu kaifi domin la'antar zunubi, ashe ba su da irinsu domin masu jifa? A Janairu 2023 Fafaroma Francis da kansa ya ce zunubi dabam, laifin da hukuma za ta ɗaure mutum a kai dabam. Wannan rarrabewa ce wasiƙar ta fi bukata, ita ce kuwa ba ta fito a cikinta ba.

Akwai kuma jingina da aka yi ga al'adun Afirka. Wannan gindi ba shi da ƙarfi yadda ake zato. Al'ada ta yarda da auren mata da yawa, dokar Kamaru ma ta yarda, duk da haka ikilisiya ba ta bi al'ada a nan ba. Ta ƙi abin, amma ta yi shekaru tana haƙuri da magidanci mai mata uku, tana barinsa ya zauna a benci ya ji wa'azi, ba ta taɓa kiran ɗan sanda ya kama shi ba. Wanda ya san zangon Hausawa kuwa ya san 'yan daudu sun daɗe suna tuya a bakin tasha, ba jirgin Faransa ne ya sauke su ba.

Lagdo gari ne na baƙi. Tun da aka gama madatsar ruwan Binuwai a 1982 masunta da manoma suke kwararowa daga ko'ina, kowa da irin tasa ɗabi'a. Katikis na ƙauyen masunta ba za a kawo masa maza biyu su nemi albarka ba. Wadda za ta zo masa da dare ita ce uwa, tana kuka, an fara nuna ɗanta da baki a kasuwar kifi, samari kuma suna maganar sanda. Wasiƙar ta ce a yi wa irin wannan yaro addu'ar tuba. Ba ta gaya wa katikis abin da zai faɗa wa samarin ba.