Ginin Masallaci da Natsuwar Masallata: Tsokaci a kan Sababbin Masallatan Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu dubi fasalin masallatan da ake ginawa a unguwannin Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi, da maƙwabtansu irin su Unguwa Uku da Darmanawa da Daurawa, mu auna shi da na masallatan da Hausawa suka gada. Mun zaɓi wannan yanki ne domin yana wajen ganuwa, kuma yawancin gine-ginensa sun tashi ne bayan da aka ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, lokacin da birni ya malalo ta hanyar Zariya. Saboda haka masallatansa na nuna abin da Bakane ke zaɓa yau in an ba shi fili da kuɗi. Ma'aunin da za mu yi amfani da shi kuwa guda ɗaya ne, wato ko ginin yana taimakon mai salla ya sami natsuwa, ko kuwa yana rage masa ita. Ba za mu taɓa niyyar masu ginawa ba, domin wannan tsakaninsu ne da Mahaliccinsu.

2.0 Masallaci da ƙasar da aka gina shi

Masallacin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gina a Madina a shekara ta 622 Miladiyya, da tubalin ƙasa aka tayar da bangonsa. Ginshiƙansa kututturan dabino ne, rufinsa kuma ganyen dabino. Ba shi da ƙubba, ba shi da hasumiya. Mihirabi mai lungu ma sai a zamanin Halifa Walidu ɗan Abdulmalik, a farkon ƙarni na takwas, ya shiga wannan masallaci. Ke nan abin da addini ya nema a wurin magini shi ne wuri mai tsarki, da fuskantar alƙibla, da sararin da sahu zai daidaita. Sauran an bar wa kowace al'umma da abin da ƙasarta ke bayarwa.

Haka kuwa aka yi. Masallacin Ƙurɗuba a Andalus, wanda aka fara a 785, ya dogara ne a kan ginshiƙan dutse masu yawa. Babban masallacin Shi'an a ƙasar Sin da katako aka yi shi, da rufi irin na Sinawa. Na Demak a tsibirin Jawa yana da rufi hawa uku irin na mutanen wurin. Ita kanta babbar ƙubbar da muke ɗauka alamar Musulunci, Turkawa sun ƙware a kanta ne bayan sun nazarci Aya Sofiya, majami'ar da Rumawa suka gama a 537, har Sinan ya gina masallacin Sulaimaniyya tsakanin 1550 da 1557. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya amsa bukatar yanayin garinsa da gwanintar maginansa.

3.0 Abin da magabata suka bari

Ƙasar Hausa ma ta ba da tata amsar. Tun zamanin Sarki Yaji (1349–1385), da Wangarawa suka iso Kano, da zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499), maginin Hausa ke aiki da tubali da azara. Hasumiyar Gobarau a Katsina da ta masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, suna nan tsaye suna ba da shaida. Amma ƙololuwar wannan fasaha ita ce masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834–1846).

Ya kamata mu lura da matsalar da Babban Gwani ya warware. Azarar giginya gara ba ta cin ta, amma ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa in faɗin ya wuce kimanin taku shida. To, yaya za a rufe ɗakin da zai ɗauki jama'ar Juma'a? Sai aka riƙa jera azara hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, ana ɗaurewa ana yaɓewa, har bakan gizo ya tashi daga wannan ginshiƙi ya haɗu da ɗan'uwansa. Inda bakunan suka gitta juna aka sami ɗaurin guga, a kansa kuma tulluwa ta zauna. Wato adon da ido ke gani a ciki shi ne ainihin abin da ke riƙe da rufin.

Wannan gini ya ba mai salla abubuwa uku. Na farko sanyi: bango mai kauri yakan shanye zafin rana a hankali, sai dare ya sake shi, don haka cikin masallaci na da sanyi a lokacin azahar da la'asar. Na biyu murya: yaɓen ƙasa ba ya mayar da sauti da ƙarfi, saboda haka karatun liman ba ya hargitsewa. Na uku shi ne shiga daki-daki. Mutum zai baro titi ya shiga zaure, ya yi alwala, ya ratsa haraba, sannan ya shiga ɗakin salla mai ƙarancin haske. Kafin ya yi kabbara, hayaniyar kasuwa ta riga ta ragu a zuciyarsa.

4.0 Sababbin masallatai

Sauyi ya fara ne daga fada. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero (1926–1953) aka maye gurbin tsohon masallacin Juma'a na Kano da na yanzu, mai koriyar ƙubba da hasumiya biyu. A cikin shekarun 1970 kuma aka lulluɓe na Zariya da sabon ginin siminti, abin da ya saura na aikin Babban Gwani ya koma cikinsa. Daga nan jama'a suka ɗauka cewa masallacin da ya amsa sunansa shi ne mai kama da na Masar ko na Hijaz. Yawaitar masu zuwa aikin Hajji a jirgin sama da kuɗin man fetur na waɗannan shekaru suka ƙara wa wannan ra'ayi ƙarfi.

Wanda ya zaga Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi zai ga fasali ɗaya yana maimaituwa, musamman a masallatan khamsu salawati: bangon bulo mai inci shida ko tara, rufin kwano, silin a kusa da kai, tayil a ƙasa da jikin bango, tagogin gilashi, sannan wata ƙaramar ƙubba ta ƙarfe a ɗore bisa kwanon. Mu ɗauki ƙubbar tukuna. Tulluwar Babban Gwani daga ciki ake jin amfaninta, domin tana ɗaga rufi, iska mai zafi ta hau sama. Wannan kuwa mai salla ba ya ganin ta sam, silin ya raba su. An yi ta ne don mai wucewa a titi. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Na biyu, zafi. A watan Afrilu zafin Kano kan kai digiri 40, kwano da siririn bulo kuwa ba sa tare shi. Sai masallaci ya dogara da fanka, fanka ta dogara da wutar lantarki, in an ɗauke a tayar da janareta a gindin taga. Natsuwar jama'a ta koma hannun mai sayar da fetur. Ba abin mamaki ba ne a ga dattawa sun shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya suna jiran iƙama, ɗakin da aka kashe wa kuɗi yana wofi.

Na uku, sauti. Tayil da siminti da gilashi duk suna mayar da murya. In aka ƙara lasifika a ƙaramin ɗaki, harufan karatu sai su hau kan juna, na sahun baya ya ji ƙara amma ya kasa bin aya. Ga al'ummar da ke alfahari da tajwidi, wannan hasara ce babba.

Na huɗu, haraba ta ɓace. Tsadar fili ta sa ana cike fuloti da gini har bakin kwata, ko a yanki kusurwar gida a yi masallaci. Mai salla na fitowa daga cikin ƙarar A Daidaita Sahu ya faɗa sahu kai tsaye. Tare da harabar an rasa wurin karatun zaure bayan magariba, da wurin sasanta maƙwabta, da wurin da baƙo zai huta. Mata kuwa, in an tuna da su, wani ɗan lungu ake yanka musu daga baya.

5.0 Uzurin masu ginin zamani

Adalci ne mu faɗi hujjar ɗaya ɓangaren. Ginin ƙasa na bukatar yaɓe da makuba ko laso a kai a kai, kuma in indararo ɗaya ya toshe a ruwan Agusta, soro na iya ruftawa. Manyan ginshiƙansa suna cin wuri, suna yanke sahu. Azara ta yi tsada saboda an sare giginyu, gwanayen magina sun ƙaranta, jama'a kuma ta ninka. Waɗannan duka gaskiya ne. Ba ma cewa a rushe siminti a koma tubali a ko'ina.

Sai dai batun gyaran shekara-shekara yana da wata fuskar. A Jenne ta ƙasar Mali, masallacin da aka sake ginawa a 1907 duk gari ke fita yaɓe shi kowace shekara. A Japan ana sake gina ɗakin bautar Ise duk bayan shekara 20, na baya-bayan nan a 2013, ta haka sana'ar ke wucewa daga tsoho zuwa yaro. Aikin gayya irin wannan shi ke sa kowa ya ji masallaci nasa ne. Inda attajiri ɗaya ya gina ya miƙa makulli, sau da yawa in famfo ya lalace sai a zauna jiran sa.

Akwai kuma misalai daga cikin Hausawa na wannan zamani. A ƙauyen Yama, cikin jihar Tawa ta Nijar, Alhaji Falke Barmu ya gina masallacin Juma'a na ƙasa a 1962 da taimakon mutanen gari, daga baya ya ƙara masa bakan gizo da hasumiyoyi huɗu, har ya sami kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji, a wannan jihar dai, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun kammala sabon masallaci a 2018 da bulon jar ƙasa da inji ya matse, tare da dogayen ƙofofi masu jawo iska, aka kuma gyara tsohon ya zama ɗakin karatu maimakon a rushe shi. Jar ƙasar da aka yi wannan da ita akwai irinta a kewayen Kano.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, muna ganin sababbin masallatan wannan yanki sun yi nasara wajen yawa da kusanci da jama'a, amma sun gaza wajen sanyi da sauti da haraba, waɗanda su ne ke taimakon natsuwa. Shawarwarinmu su ne: kwamitin masallaci ya bar aƙalla wani sashe na fili don haraba da itatuwa tun kafin a haƙa harsashi, a ɗaga rufi, a buɗe ƙananan tagogi a sama, a ƙara kaurin bangon yamma, kuɗin ƙubbar ado a mayar da shi ga wurin alwala da sashen mata, a rage tayil a bango. Sannan sassan koyar da zanen gine-gine na Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello, da kwalejojinmu na ilimi, su nemo sauran gwanayen magina su koya wa ɗalibai ɗaurin guga da hannu tun suna raye. Zane-zanen da Dmochowski ya auna da kwafin masallacin Zariya da ke gidan tarihi na Jos za su taimaka, amma takarda ba ta koyar da kwaɓin ƙasa. Allah Ya sa mu dace.