Shekara a Bakin Ƙofa: Yadda Manya Ke Shiga Katolika a Gombe

Mutumin unguwar Dawaki a Gombe da ya saba ganin ana musulunta a zama ɗaya, a furta kalmar shahada gaban malam, a yi wanka, a zaɓi suna, yakan yi mamaki idan ya ji yadda ake shiga ɗarikar Katolika. Babba mai hankalinsa zai je gidan Fada ya ce ga shi ya zo, sai a rubuta sunansa, a haɗa shi da katikis, a ce ya riƙa zuwa aji. Kafin ruwan baftisma ya taɓa kansa, shekara na iya zagayowa, wani ma har biyu. Da gangan ake wannan jinkiri, kuma a ganina shi ne abu mafi daraja a cikin tsarin.

Katolikan Gombe, na Dawaki ne ko na Bolari ko Tunfure, suna ƙarƙashin Dayosis na Bauchi, wanda aka yanko daga Jos a 1996, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Gombe, ya kuma zama cikakken dayosis a 2003. Bishop Hilary Dachelem ke riƙe da shi tun 2017. Bishara a kudancin jihar ta bi ta hannun mishan ɗin SIM, wanda ya sauka Kaltungo a 1917, shi ya sa ECWA ta fi ƙarfi a ƙasar Tangale da Waja. Wannan tarihi yana bayyana a benci na ajin manya. Ga yarinyar da ta tashi a ECWA za ta auri Bakatolike. Da yake cocinsu ba ya yi wa jarirai baftisma, mai yiwuwa ba a taɓa yi mata ba, don haka sai ta bi hanya tun daga farko. Ga kuma ɗan Angalika da aka yi wa tun yana goye. Shi ba a sake masa, domin Katolika ta yarda da duk baftismar da aka yi da ruwa cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Koyarwa za a yi masa, ya furta bangaskiya, a karɓe shi. Inda aka cusa su biyun a aji ɗaya saboda ƙarancin malamai, an tauye wa ɗan Angalikan haƙƙinsa, an mai da shi kamar bai taɓa jin sunan Yesu ba.

Tsarin tsoho ne ƙwarai. A ƙarni na uku an san masu neman shiga suna shafe shekara uku ana koya musu ana duba halinsu. Agustin, ɗan Arewacin Afirka, sai a 387 Bishop Ambros ya yi masa baftisma a Milan, a daren Ista, bayan ya haura shekara talatin. Da Turai ta zama ta Kirista kowa na samun baftisma yana jariri, sai al'adar ta dushe. A Afirka ta sake rayuwa, inda Kadinal Lavigerie ya sa mishanoninsa su riƙe masu shiga har shekara huɗu. Majalisar Batikan ta Biyu ta ba da umarnin dawo da ita ga duniya duka a 1963, littafin tsarin kuma ya fito a 1972.

Matakan a bayyane suke. Da fari tambaya da sauraro, ba alkawari. Sai ranar karɓa, a tare mutum a ƙofar coci a zana masa alamar gicciye a goshi. Sai dogon karatu. A Lahadin farko na azumin kwana arba'in, Bishop ko wakilinsa ya kira sunayen waɗanda aka zaɓa, bayan uban baftisma ko uwar baftisma sun shaidi halinsu. Lahadi na uku da na huɗu da na biyar akwai addu'o'in binciken zuciya, ana karanta labarin Basamariya a bakin rijiya, da na makahon da aka haifa haka, da na tashin Li'azaru. A daren Ista a yi baftisma, a ci Jibin Ubangiji karo na farko. Littafin tsarin ya ce a haɗa da sakramentin tabbatarwa a daren, amma a wurare da yawa ana jira sai Bishop ya kawo ziyara.

Duk wannan a wuyan katikis yake. Fada ɗaya yakan riƙe coci a gari da ƙananan majami'u a ƙauyuka, ba zai zauna da kowa ba. Katikis ne ke koyarwa da Hausa, shi ya san wanda ya daina zuwa aji don an sauya masa lokacin aiki, da wadda mijinta ya hana. Cibiyar horar da su da ke Malumfashi ta daɗe tana yaye irin waɗannan malamai. Amma albashin katikis ba ya riƙe gida, sai ya haɗa da noma ko wata sana'a.

A nan raunin yake. Malamin da lokaci ya ƙure masa yakan koma ga abin da ya fi sauƙin aunawa, wato hadda. Tambaya da amsa, Dokoki Goma, sakramenti bakwai, Addu'ar Ubangiji, sannan jarrabawa gaban Fada. Ba na raina hadda, ƙasar nan ta san darajarta tun daga makarantar allo, kuma tsohuwar da ba ta iya karatu ba da ita take riƙe addininta. Sai dai dokar Ikilisiya ta 1983, a sashe na 865, abu uku ta nema: niyya, isasshen sani, da a gwada mutum a rayuwar Kirista. Na ukun ba ya shiga takardar jarrabawa. Yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa ya wuce, dattijon da ya bar giya ya biya bashin da ke kansa ya faɗi don ya rikita jerin dokoki. Ana kuma sa manya su zauna tare da yara 'yan shekara goma, kunya ta kori wasu kafin Kirsimeti.

Jarrabawar gaske ita ce ta aure. Katolika ba ta yi wa mai mata biyu baftisma yana tare da su. Sashe na 1148 ya ce idan zama da uwargida ya yi masa wuya, yana iya riƙe ɗaya daga cikinsu ya sallami saura, a kuma tabbatar an biya bukatunsu bisa adalci. Rubutawa ba wuya. A gida kuwa mace ce mai 'ya'ya biyar da ba ta yi laifin komai ba, aka aure ta bisa al'ada da sadaki da shaidu. Angalika, a taron Lambeth na 1988, sun yarda a yi wa irin wannan mutum baftisma da sharaɗin ba zai ƙara aure ba. Katolika ba ta bi su ba. Shi ya sa ake samun magidanci da ke zuwa Misa shekara da shekaru, yana ba da baiko, 'ya'yansa duk an yi musu baftisma, shi yana nan a matsayin mai jira, domin ya ƙi korar kowa. Doka ta ba shi jana'izar Kirista idan ya mutu a haka, kuma ana iya yi masa baftisma a gadon mutuwa. Da wuya in ce wannan mutum bai ci gwajin hali ba.

Akwai matakin ƙarshe da aka fi mantawa, kwana hamsin daga Ista zuwa Fentikos, lokacin da ya kamata a ci gaba da zama da sababbin. Sau da yawa aji na watsewa da an cire fararen kaya. Mata sun fi dacewa, domin Zumuntar Mata Katolika tana jawo sabuwa nan take, a ba ta anko, a je mata suna da ta'aziyya. Namijin da ya shigo shi kaɗai, musamman wanda danginsa suka juya masa baya, yakan fito daga shekara guda ta kulawa ya tarar ba mai neman sa ran Lahadi.