Tawaye ko yaƙi? Kalmomin tarihin soja a Wikipedia

Masu rubutun sa-kai na Wikipedia sun yi aikin a yaba kan tarihin yaƙe-yaƙe. Sai dai ƙa'idarsu ba ta karɓar labari sai wanda aka buga, shi ya sa rahoton hafsan Faransa ya rinjayi bakin dattawan Agadas. Faɗan Kawusan na 1916-1917, « révolte » suke kiransa, mai fassara kuma ya ce tawaye. Alhali Bahaushe ba ya yin tawaye sai ga wanda ya yi wa mubaya'a. Kalmar tana iya dacewa da Sarki Tagama, da ke sarauta ƙarƙashin Faransa. Kawusan kuwa daga Fezzan ya taso da bindigogin Sanusiyya, ya kewaye barikin Agadas: wannan yaƙi ne.