Masu Haƙurin Kallon Ƙwan Ƙuda

A kasuwar Kanya Babba, da zarar mangwaro ko tumatir ya fara ruɓewa, sai ƙananan ƙudaje masu jajayen idanu su yi masa rubdugu. Mai kaya korarsu yake yi da mafici. Amma akwai masu kiwon ƙudajen nan cikin kwalabe, su nake jinjina wa.

Aikinsu sai mai sanyin hannu. Da ɗan hantsaki mai tsinin allura suke farka cikin macen ƙudan, su zaro ƙwan da bai ƙosa ba, su sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Can ciki, wata 'yar tawagar ƙwayoyin halitta, shida zuwa goma, takan tashi daga goshin ƙwan ta kutsa tsakanin ƙwayoyi 15 masu ciyar da shi. Ba su da ƙafa. Zaren furotin da ake kira aktin ne ke miƙewa gaba kamar mai lalube cikin duhu, wani furotin kuma, miyosin, ya janyo na baya. Idan tafiyar ta tsaya, ƙofar da maniyyi zai shiga ba za ta buɗe ba, ƙwan ya tashi a banza.

Mai bincike Denise Montell ta Amurka ta shafe sama da shekara 30 a kan wannan tafiya ta 'yan sa'o'i, kuma sai a 2007 aka iya ɗaukar bidiyonta tana gudana. A Jami'ar Ibadan ma Amos Abolaji yana horar da matasa aiki da ƙudan. Daga irin wannan dogon zama ne ake ƙara gane yadda ciwon daji ke barin inda ya tsiro ya bazu a jiki, domin ƙwayoyinsa ma kan yi irin wannan tafiya.