Ganuwar Kano Tsakanin Littafi da Ƙasa: Sharhi a kan Yadda Ake Nazarinta da Adana ta

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a yi sharhi a kan hanyar da masana suka bi wajen nazarin ganuwar birnin Kano, da kuma hanyar da hukumomi suka bi wajen adana ta. An zaɓi ganuwar ne domin ta isa misali ga ɗalibin da zai fara karatun kayan tarihi: akwai rubuce-rubuce a kanta, akwai labaran baka, ga kuma ita kanta ginar tana nan, ko da yake kullum raguwa take yi. Abin da takardar ke son nunawa shi ne, an fi sauraron littafi a kan ganuwar fiye da yadda aka saurari ƙasar da aka gina ta da ita, kuma wannan karkata ta yi tasiri har ga irin gyaran da ake yi mata.

2.0 Dogaro da Littafin Tarihin Kano

Kusan duk wanda ya yi rubutu a kan ganuwar yakan fara da cewa Sarki Gijimasu (1095–1134) ne ya soma ta, Tsaraki ya kammala, sa'an nan Muhammadu Rumfa (1463–1499) da Muhammadu Nazaki (1618–1623) suka faɗaɗa. Tushen wannan magana ɗaya ne, wato littafin Tarihin Kano na Larabci wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908. To, amma fa littafin bai kawo waɗannan shekaru ba. Abin da ya kawo shi ne tsawon mulkin kowane sarki, Palmer kuwa ya yi ta ɗebewa yana komawa baya har ya dire a kan 999 a matsayin farkon sarautar Bagauda. Ke nan in an sami kuskure a mulkin sarki guda, duk shekarun sarakunan da suka gabace shi sun goce. Bugu da ƙari, masana irin su Murray Last da John Hunwick sun kawo hujjojin cewa a ƙarshen ƙarni na 19 aka tsara littafin yadda muka san shi. Wannan ba ya rage masa daraja, domin taska ce wadda ba kowane gari ne ke da irinta ba. Sai dai shaida ce guda, kuma alƙali ba ya yanke hukunci da shaida guda in akwai ta biyu a tsaye a bakin zaure.

Shaida ta biyun ita ce ganuwar. Ginin ƙasa da aka yi ta yi wa ƙari shekara da shekaru yakan zama hawa-hawa, kowane hawa da zamaninsa. In aka yanka shi a tsanake, a kan idon masu ilmin tonon kufai, za a sami gawayi da katangar tukwane da ƙasusuwa, waɗanda awon kimiyya zai iya faɗin shekarunsu. Irin wannan awo ne ya nuna cewa ana narka tama a Dala tun wajen ƙarni na 7, wato ɗaruruwan shekaru kafin zamanin da aka ba Bagauda. Aikin J. E. G. Sutton a kan ganuwar Zariya da Kufena a shekarun 1970, da na Anne Haour a Kufan Kanawa ta ƙasar Damagaram, sun nuna irin tambayoyin da ake iya yi wa ganuwa. Abin takaici, yawancin yankan da aka yi wa ta Kano katafila ce ta yi shi domin fitar da titi, aka kwashe ƙasar aka zubar.

3.0 Ƙofa da Ganuwa

Littafin H. L. B. Moody na 1969 a kan ganuwa da ƙofofin Kano, da maƙalar Bawuro Barkindo ta 1983 a kan ƙofofin, ayyuka ne da ba a tsallake su. Duk da haka, a ganina nazarin da ya biyo bayansu ya fi raja'a a kan ƙofa. Dalilin a fili yake: ƙofa tana da suna, tana da sarki, tana da labari. Kowa ya san ta Kabuga Turawa suka shigo a 1903. Tsakanin ƙofa da ƙofa kuwa sai dogon tudu marar suna, wanda a idon mai neman fili ba kome ba ne illa ƙasar gini kyauta. Alhali lokacin da Clapperton ya zo a 1824, abin da ya auna da ido shi ne kewayen kusan mil 15 da tsayin ƙafa 30, da gwalalo ciki da waje. Gwalalon nan da kududdufan da aka ɗebi ƙasa daga cikinsu sassa ne na ginin, su ne kuma matattarar ruwan damina. Da aka cike su aka yi gini a kai, an yi asarar shaida, an kuma gayyato ambaliya.

4.0 Doka da Gyara

Dokar kayan tarihi ta 1953 da Doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, sun sa irin waɗannan wurare a ƙarƙashin kariyar Gwamnatin Tarayya. Niyyar mai kyau ce, amma an ɗauko ta ne daga ƙasashen da ake gini da dutse, inda hana taɓa abu shi ne adana shi. Ginin ƙasa ba haka yake ba. Ranar da aka daina taɓa shi ranar ya fara mutuwa. Kafin zuwan Turawa, gyaran ganuwa aikin gayya ne da ake yi bayan ɗaukewar damina da umarnin sarki. Da yaƙi ya ƙare, gayyar ta mutu, dokar kuma ba ta kawo abin da zai maye gurbinta ba. Ga shi kuma raba fili yana hannun gwamnan jiha bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Wato mai kariya daban, mai rabo daban, magina da sarakunan ƙofa kuwa ’yan kallo.

A nan ne karkatar da aka ambata a sama ta yi ɓarna. Tun da suna da labari aka ɗauka su ne tarihi, sai ya zamana in an rushe ƙofa, kamar yadda aka yi wa Ƙofar Na'isa a 2010 domin faɗaɗa hanya, aka gina wata da siminti aka maƙala mata tsohon suna, sai a ce an adana. Sabuwar ginar tana iya yin kyau, tana kuma da amfani ga masu mota, amma ba ta da hawa ko ɗaya da za a yanka a karanta.

An sa ganuwar cikin jerin wucin gadi na UNESCO a 2007, alhali Sukur ta shiga cikakken jeri tun 1999, Kurmin Osun na Osogbo kuma a 2005. Daga cikin sharuɗɗan shiga akwai cewa abin ya kasance na asali ne, kuma bai gutsuttsure ba. Shawarata ita ce a soma da auna sassan da suka rage a zana taswirarsu, a wajabta tono kafin a ba da izinin kowane titi da zai ratsa ganuwar, sa'an nan a ɗauki magina masu tubali aikin yaɓe na shekara-shekara a ƙarƙashin Sarkin Gini, a riƙa tura ɗaliban sashen tarihi na kwalejojinmu su riƙe masu igiyar awo.